Ƙaiƙayi Da Ƙurajen Da Magungunan Aiki Ke Jawowa

Hannu shi ne jarin manomi. Da shi ya ke riƙe fartanya, da shi ya ke shuka, da shi ya ke yankan gero. In hannu ya tsage yana tsattsafar da ruwa a tsakiyar damina, to, noman shekarar ya shiga wani hali, gama ciyawa ba ta jiran kowa ya warke.

A zamanin nan kuwa abubuwan da hannun manomi ke taɓawa sun fi na kakanninsa yawa nesa ba kusa ba. Akwai maganin gauraya iri, da maganin feshi na ƙwari da na ciyawa, da takin zamani, da siminti na gina rijiya ko ɗakin ajiya, da kananzir, da man gas na injin ban ruwa. Amfaninsu ba ya ɓoyuwa ga kowa. Amma cikinsu akwai waɗanda ke jawo wani ciwon fata mai naci, wanda mutane da yawa su kan ɗauka ƙazuwa ce, waɗansu ma su ce sammu ne. Sai a yi ta kashe kuɗi wajen neman magani, alhali kuwa mai laifin yana nan rataye a zaure, gobe da safe a sake saɓa shi a tafi gona.

IRI BIYU NE

Likitoci sun kasa wannan ciwo kashi biyu, kuma ya kamata ko wane ma'aikaci ya san bambancinsu.

Na farko shi ne ƙuna, watau magani mai kaifi ya ci fata kai tsaye. Wannan ba ya zaɓen mutum. Duk wanda ya daɗe da hannu cikin jiƙaƙƙen siminti, ko omo, ko kananzir, fatarsa za ta bushe, ta yi zafi, ta tsattsage. Takin zamani ma ya kan yi haka, musamman in ya gamu da gumi ya shiga cikin faso. Maganin ciyawan nan mai suna Paraquat kuwa har farce ya kan ɓata in ya zuba wa mutum tun ba a tsarma shi da ruwa ba. Yawan ɓarnar ya danganta da kaifin abin da kuma daɗewarsa a jiki. In an bar taɓa shi, fata ta kan koma daidai. A lissafin likitoci, kamar 4 cikin ko wane 5 na masu ciwon fata saboda aiki irin wannan ne ke damunsu.

Na biyu shi ne wanda jiki da kansa ya ƙulla gaba da wani magani. Dangin abin nan ne da a ke kira borin jini, sai dai shi ba ya fitowa nan take. Wannan yana zaɓen mutum. Mutum 10 su yi aiki da magani ɗaya, 9 su tashi lafiya lau, ɗaya ya kwana yana susa. Shi ne ya fi wuyar ganewa, shi ne kuma ya fi wuyar rabuwa da shi.

YADDA JIKI KE ƘULLA GABA

Cikin fata da jini akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyi waɗanda aikinsu tsaron jiki, kamar dogarai a ƙofar gari. In ɗan ƙanƙanin magani ya ratsa fata, sai ya manne da naman jiki ya sāke masa kama. Masu tsaron nan su kan ɗauki labarinsa su kai wurin da kaluluwa ke fitowa, watau hammata da matsematsi da wuya, a can a shaida baƙon nan a matsayin abokin gaba. Wannan ya kan ɗauki kwana 10 zuwa 14 aƙalla, kuma a lokacin nan mutum ba ya jin kome. Wani ma sai ya shekara 5 ko 10 yana aiki da abu lafiya kafin jikinsa ya juya masa baya.

Daga ranar da aka shaida shi, to, magana ta ƙare. Ko yaushe maganin nan ya sake taɓa fata, kome ƙanƙantarsa, masu tsaro za su taso masa, faɗan da su ke yi kuwa shi ne kumburi da ƙaiƙayi da ƙuraje. Ba su kan iso nan da nan ba, sai bayan kwana 1 zuwa 3. Abin da ke ruɗa mutane ke nan. Manomi ya yi feshi ran Asabar, ƙuraje su fito ran Litinin, sai ya ɗora laifin bisa miyar da ya ci daren Lahadi. Wani kuma ya ce, "Ai shekara da shekaru ina aiki da wannan magani, bai taɓa yi mini kome ba." Gaskiya ne, amma wannan ba ya wanke maganin.

Abin da ya fi muhimmanci a riƙe shi ne, galibi jiki ba ya mantawa. Ƙurajen su kan warke, amma gabar tana nan har tsufa.

ALAMUN CIWON

Ƙaiƙayi mai tsanani shi ne kan gaba. Sa'an nan wurin ya kumbura, ƙananan ƙuraje masu ruwa su fito, su fashe, su yi ɓawo. A farar fata wurin ja ya ke yi, amma a baƙar fata ba a cika ganin jan ba, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi toka-toka. In abin ya daɗe, fata ta kan yi kauri kamar ta ƙirgi, ta riƙa tsagewa a gaɓoɓin yatsu har mutum ya kasa dunƙule hannu.

Wurin da ciwon ya fito shi ke tona asirin mai laifi. In a bayan hannu ne da tsakanin yatsu, abin da a ke damawa ne. In a gadon baya ne da kafaɗu, a duba injin feshi, mai yiwuwa yana yoyo. In a fuska ne da wuya da fatar ido, ƙura ce ko feshin da iska ta komo da shi. In kuwa ya tsaya daidai inda safar hannu ko takalmin roba ya tsaya, kamar an ja layi, to, robar ce.

Wata alama kuma, ciwon ya kan lafa in an huta aiki, kamar da rani ko lokacin tafiya, ya komo in an koma bakin aiki. Ƙazuwa ba ta yin haka. Ita ƙazuwa ta kan bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ta fi kuma damu da dare. Wannan ciwo kuwa ba a ɗaukarsa, saboda haka babu dalilin ƙin gaisawa da mai shi ko ƙin cin abinci tare da shi.

MAGANIN IRI DA ROBA

Tsofaffin manoma ba za su manta da Aldrex T da Fernasan D ba, ƙunshin garin nan da a ke gauraya gyaɗa da dawa da shi kafin shuka. Magungunan ƙwarin da ke cikinsu an hana su a duniya, Aldrin a yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Istokhom a 2001, Lindane kuma aka ƙara shi a 2009. Amma akwai abu guda da ke cikin dukansu biyu, wanda ke hana iri ruɓewa a ƙasa. Sunansa tiram, a jikin takarda a kan rubuta shi Thiram, kuma har yanzu a kan same shi cikin waɗansu magungunan iri. Yana cikin sanannun magunguna masu sa jiki ya ƙulla gaba.

Ga kuma inda gizo ke saƙar. Shi tiram ɗin nan da danginsa, da su masu masana'anta ke ƙarfafa roba. Saboda haka suna cikin safar hannu ta roba, da dogon takalmin roba, da taya, da takalman da a ke yanka daga tsohuwar taya. Mutumin da ya saba gauraya iri da hannu tsirara har jikinsa ya ƙi tiram, in an ba shi shawara ya sayi safar roba, sai ya ga abin ya ƙara tsananta. Ya gudu daga mai laifi ya faɗa hannun ƙanensa. Irin wannan mutum safar leda mai kauri ta fi masa, wadda a ke rubuta PVC a jikinta, gama ba a cika sa waɗannan magunguna cikinta ba.

Masu noman tumatir da albasa a fadamun Kano, da masu noman dankalin Turawa a ƙasar Jos, su kuma su lura da garin nan rawaya da a ke fesawa saboda ciwon ganye, mai suna Mancozeb. Danginsu ɗaya da tiram, wanda jikinsa ya ƙi ɗaya kuwa mai yiwuwa ya ƙi ɗayan.

SIMINTI DA FATA

Da rani manoma da yawa su kan tafi birni cin rani, su yi leburanci wajen magina. Siminti yana da laifi biyu. Jiƙaƙƙensa ya fi kanwa kaifi ƙwarai, in ya shiga takalmi ya wuni ya kan ƙone ƙafa har ya yi miki. Ban da wannan akwai ɗan gishirin wani ƙarfe cikinsa mai suna kuromiyam, wanda shi ne ke jawo kircin birkiloli, ciwon da ya raba mutane da yawa da sana'arsu.

An sami dabarar rage wannan. A ƙasar Denmak tun 1981 aka fara zuba wani gishirin baƙin ƙarfe cikin siminti, wanda ke kashe kaifin kuromiyam, sai ciwon ya ragu ƙwarai cikin magina. Daga 2005 ƙasashen Tarayyar Turai suka hana sayar da simintin da kuromiyam mai narkewa cikinsa ya wuce kashi 2 cikin miliyan.

Da kuromiyam ɗin nan kuma a ke jimar yawancin fatun duniya a masana'antun zamani, har da irin waɗanda ke Kano. Wanda siminti ya ɓata wa jiki, sai ya ga takalmin fata na kanti ko safar hannu ta fata suna ta da masa ciwon. Fatar da majema suka jeme da bagaruwa kaɗai ba ta da wannan ƙarfe.

YAZAWA DA MANGWARO

Ba kayan kanti kaɗai ke da laifi ba. Cikin ɓawon ƙwallon yazawa akwai wani baƙin mai wanda ke ƙona fata, ya kuma sa jiki ya ƙulla gaba. Masu fasa ƙwallon da masu gasa shi, waɗanda yawancinsu mata ne da yara, su ne abin ya fi sama, hayaƙin gashin ma ya kan kumbura fuska. Mangwaro ɗan'uwan yazawa ne. Ƙaron da ke fita daga hancinsa in an tsinke shi, da ɓawonsa, su kan ta da ƙuraje a hannu da gefen baki ga wanda jikinsa ya riga ya ƙi yazawa.

'YAN KASUWA DA MALAMAN SITO

Kada mai sayar da magani ya ce shi ba ya zuwa gona, ba ruwansa. Wanda ke buɗe buhu yana ɗibar gari da cokali yana ƙullawa cikin leda, ko yana ɗura ruwan magani cikin ƙananan kwalabe, ya fi manomi taɓa shi, gama manomi sau nawa ya ke feshi a shekara, shi kuwa kullum ne, kuma tsantsarsa ya ke taɓawa. Haka malamin sito da ke wuni cikin ƙurar taki da iri, da 'yan dako masu ɗaukar buhuna a kan gumi. Ga kuma wata ɓarna, duk maganin da aka raba shi da mazubinsa ya rasa suna. Ranar da ya cuci wani, ba wanda zai iya gaya wa likita ko mene ne. Magani na ƙwarai a cikin mazubinsa a ke sayar da shi, da sunan abin da ke ciki da lambar rajistar hukumar NAFDAC.

A gindin takardar maganin feshi a kan ga ratsin launi, ja ko rawaya ko shuɗi ko kore. Ja shi ne mafi dafi, kore shi ne mafi sauƙi. Amma ratsin nan ƙarfin guba ya ke nunawa kaɗai. Magani mai koren ratsi yana iya sa ƙuraje sarai.

YADDA A KE GANO MAI LAIFI

A shekarar 1700 wani likita mutumin Italiya, Barnadino Ramazzini, ya wallafa littafi kan cututtukan masu sana'a, ya gargaɗi likitoci su riƙa tambayar majiyyaci ko mece ce sana'arsa. Har yau shawarar nan tana nan da ƙarfinta. In malamin asibiti bai tambaya ba, majiyyaci ya faɗa da kansa, ya kuma tafi da takardar maganin ko mazubinsa a ƙulle cikin leda.

Akwai kuma wani gwaji da wani likita Bajamushe, Yosef Yadasson, ya ƙago a 1895. A kan ɗauki ɗan ƙanƙanin abubuwan da a ke zargi, waɗanda aka tsarma daidai gwargwado, a manna su a gadon bayan mutum da filasta, su kwana 2. Sa'an nan a cire a duba, a sake dubawa bayan kwana 1 ko 2. Inda ƙuraje suka fito, nan mai laifi ya ke. Likitocin fata ne ke yinsa, a manyan asibitoci a ke neman su. Kada wani ya ce zai gwada da kansa a gida da tsantsar maganin feshi, wannan neman ƙuna ne da guba.

Wanda ke nesa da babban asibiti yana iya taimakon kansa. Ya riƙa lura da ranar da ya taɓa ko wane abu da ranar da ƙaiƙayi ya tashi, in da hali a rubuta. Sa'an nan ya janye daga abu guda har mako 3 ko 4 ya ga ko za a sami sauƙi.

MAGANI

Babban magani shi ne rabuwa da mai laifi. In ba a yi wannan ba, duk abin da aka shafa zuba ruwa ne a rariya.

A asibiti a kan ba da man shafawa mai kwantar da kumburi, na 'yan kwanaki, da ƙwayar rage ƙaiƙayi. In wurin ya yi mugunya ko zazzaɓi ya shiga, to, ƙwayoyin cuta sun sami ƙofa, sai an haɗa da maganinsu. Man kaɗanya ko basilin suna da amfani ƙwarai wajen tausasa fata da rufe faso, a shafa bayan ko wane wanki da lokacin kwanciya.

A guji sayen mayukan nan masu haɗe-haɗe a kemis ba da shawarar likita ba. Masu ƙarfinsu in an daɗe ana shafawa su kan sirantar da fata su ɓata launinta, waɗansu kuma akwai maganin Neomycin cikinsu, wanda shi kansa ya kan sa irin wannan ciwo. Haka nan kada a zuba wa wurin toka, ko kananzir, ko baƙin mai, ko ruwan batir. Ƙara wa wuta makamashi ne.

Akwai alamun da ba a jira da su. In bayan feshi mutum ya kama gumi da dalalar miyau da amai da jiri, ko ƙirjinsa ya toshe, ko leɓe da fuska suka kumbura yana shan wuyar numfashi, wannan ya wuce ciwon fata. A tuɓe masa tufafin aiki, a wanke shi da ruwa da sabulu, a kai shi asibiti nan da nan tare da mazubin maganin.

RIGA-KAFI

1. Kada a gauraya iri da hannu tsirara. A zuba iri da magani cikin gora ko gwangwani mai murfi, a rufe, a girgiza. Mai shuka ma ya sa safa, in an gama ya wanke hannu kafin ya ci goro ko abinci.

2. A dama maganin feshi da sanda. Lokacin awo da damawa ya fi lokacin feshi hatsari, gama a nan ne magani ke da cikakken ƙarfinsa.

3. A gwada injin feshi da ruwa zalla kafin a zuba magani. In yana yoyo a gyara. In bakinsa ya toshe a tsokale da tsinke, kada a busa da baki.

4. A sa riga mai dogon hannu da dogon wando, ƙafar wando ta rufe takalmi ta waje don kada magani ya gangara ciki. A yi feshi da sassafe ko da yamma, kada a fuskanci iska.

5. Safar yadi da ta fata ba su dace da feshi ba, shan magani su ke yi su riƙe shi a jikin fata wuni guda. Safar da ta huje kuwa gara babu ita. A wanke bayan safa kafin a cire ta.

6. In magani ya zuba a jiki a wanke nan take da ruwa mai yawa da sabulu. In a ido ne a yi ta kwarara ruwa har minti 15. Kada a wanke hannu da fetur ko kananzir, gama suna kwashe maiƙon da ke tsare fata.

7. A yi wanka bayan aiki, a wanke tufafin feshi dabam, kada a haɗa su da na iyali. Matar da ke wanki ma tana iya kamuwa.

8. Mai faso ko rauni a hannu ya rufe shi kafin aiki, gama ta nan magani ya fi samun hanya. Yara da mata masu ciki kuwa kada a sa su aikin magani sam.

HAƘƘIN MA'AIKACI

Wanda ke aikin albashi a babbar gona, ko sito, ko masana'anta, ya sani Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sa wannan ciwo cikin jerin cututtukan sana'a da ta sabunta a 2010. A wannan shekara kuma Nijeriya ta kafa dokar biyan diyya ga ma'aikata, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta kuwa haɗa da ciwon da aiki ya jawo. Saboda haka ma'aikaci ya sanar da shugabansa tun da wuri, ya adana takardun asibiti. Mai gida mai hankali kuma zai gane sayen safa da sabulu, ko sauya wa yaronsa wurin aiki, ya fi masa araha bisa ga rasa gwanin ma'aikaci.

Magungunan nan ba abin gudu ba ne, da su a ke samun iri ya tsira, amfani ya yi albarka. Abin da a ke so shi ne su tsaya a kan iri da ganye inda aka nufe su. Saurayin da ya fara feshi bana da hannu tsirara yana iya ganin ba abin da ya same shi, amma jiki yana lissafi, ranar da ya ƙulla gabar kuwa ba mai iya kwance ta. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Wanda ke da shakka kan wani magani ya kai takardarsa wurin Malamin Gona na yankinsu kafin ya buɗe shi. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kuma bar kowa da lafiyar hannunsa.